Ku Tambayi Mai Gilashi: Ƙofar Dush, Gaban Shago da Gilashin da Ya Fashe Cikin Dare

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan karo kusan duka a kan abu ɗaya suka taru, wato gilashin da ake ce wa na kariya. Tun da gine-ginen siminti suka yawaita a sabbin unguwannin Damagaram, kowa so yake ya ga gilashi a makewayi, a gaban shago, har a matakalar bene. Na haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, na rage wa masu tsawo. Wanda ya aiko tambaya a kan madubin kabad ɗin amarya ya yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna dab da gama gini a hanyar Tanut. Mai yi mana aikin alminiyom ya ce zai yanko gilashi mai kaurin milimita 10 ya yi mini ƙofar dush, wai ko da taɓarya aka doke shi ba zai fashe ba, kuma cikin kwana biyu zai gama. Ɗana da ke karatu a Yamai ya ce kar in yarda sai sekurit. Wa zan bi? Akwai jikoki ƙanana a gidan. (Wata Hajiya, Damagaram)

AMSA: Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya sa a tare lafiya. Ku bi maganar ɗanku. Alƙawarin kwana biyun nan shi ya tona asirin aikin, domin duk gilashin da za a yanka a shago yau a kafa shi gobe, ɗanyen gilashi ne, wato wanda ba a gasa ba, kome kaurinsa.

Bari in ɗauko muku maganar daga tushe. Gilashin taga da muke saya falle-falle, yashi ne ake narkarwa tare da soda, ƴar uwar kanwar nan tamu, da dutsen farar ƙasa, a wutar da ta kai digiri 1,500. Sai a kwarara shi a kan narkakkiyar kuza ya shimfiɗu sumul, a bar shi ya huce sannu a hankali. Kamfanin Pilkington na Ingila ne ya fito da wannan dabara a 1959, kuma kusan duk gilashin gini da ke duniya yau haka ake yin sa. Hucewar nan a hankali ita ta sa yake yankuwa. In na ja masa layi da abin yanka na ɗan danna, sai ya rabu biyu ɓas. Ita ce kuma ta sa in ya fashe yake fita dogaye-dogaye, ga tsini ga kaifi. Mai kauri 10 ya fi mai kauri 5 wuyar fashewa, a nan mai aikinku bai yi ƙarya ba. Sai dai ranar da ya fashe, abin da zai faɗo ya ninka nauyi, kuma wanda zai faɗo wa ba riga a jikinsa, ba takalmi, ƙasa kuma ga santsin sabulu. Jijiyar agara da ta wuyan hannu kuwa ba su da nisa da fata.

Sekurit sunan da kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya sa wa gasasshen gilashinsa ne tun wajen 1930, ya bi bakin mutane. Shi ma ɗanye ne da farko. Ana yanka shi daidai awo, a goge gefunansa, a huda duk ramukan da ake buƙata, sannan a tura shi cikin tanda ya ɗauki zafin digiri 620 zuwa 650. Da ya fara laushi sai a fito da shi a hura masa iska mai ƙarfi ta fuska biyu a lokaci ɗaya. Bayan gilashin, wato fatarsa ta waje, yana riga cikinsa daskarewa. Lokacin da cikin ya zo hucewa yana tsukewa, sai ya janyo bayan ya matse shi tam. Tsaga tana buƙatar inda za ta buɗe baki, bayan kuwa a matse yake, shi ya sa gasasshe ya fi ɗanye ƙarfi sau huɗu zuwa biyar. In kuma abin ya kai ga fashewa, ƙarfin nan da ke ɗaure a ciki ne zai kwance gaba ɗaya, fallen ya wargaje ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar masara. Ƙa'idar Turai ta ce in an fasa shi don gwaji, dole a ƙidaya aƙalla gutsure 40 a fili mai faɗin santimita 5, tsawon santimita 5. Yana kuje fata, yana sa ɗan jini, amma da wuya ya yi irin yankan da ɗanye ke yi.

To ga inda haƙuri yake shigowa. Da zarar an gasa shi, an gama: ba a yankawa, ba a hudawa, ba a rage ko milimita biyu. Ni ba ni da tanda a shagona. Awo nake ɗauka in zana a takarda in aika Najeriya, a jira makonni kafin kaya su iso. Saboda haka kada ku bari a ɗauki awo sai magini ya gama kafa karo a bango da ƙasa. A auna faɗi wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, don bangunanmu ba safai suke miƙewa ba. Na sha shiga makewayin da ƙasansa santimita 90 ne, samansa 88, maigida kuma ya rantse bangonsa a miƙe yake. In aka yi oda da awon ƙasa kaɗai, gilashi zai zo ya ƙi shiga, ba kuma abin da za a yi masa sai jingina shi a zaure. Ramukan hinji da na mariƙi su ma a takarda ake yanke shawararsu, kuma kada bakin rami ya kusanci gefe fiye da ninki biyu na kaurin gilashin.

Kauri kuma, in ƙofar tana cikin firam na alminiyom ko mai turawa ce a kan layi, milimita 6 ya isa. In ba firam, hinji ne kawai ke riƙe ta, to 8 ko 10. Ku lura da nauyi. Kowace milimita ta kauri kilo biyu da rabi ce a murabba'in mita ɗaya. Ƙofa mai faɗin santimita 70 da tsawon 190 za ta kai kusan kilo 27 in mai kauri 8 ce, in mai 10 ce kilo 33. Bulo mai rami ba zai riƙe wannan ba sai an cika ramin da kankare daidai inda hinji zai zauna. Bangon ƙasa da aka yi wa shafen siminti kuwa kada ma a gwada. Ko'ina ƙarfe zai haɗu da gilashi sai an sa roba a tsakani. Ƙofar kuma ta iya buɗewa waje, domin in jiri ya ɗebi tsoho ya faɗi a ciki ya tokare ta, ta ina za a shiga a ɗauko shi?

Yanzu ra'ayina, wanda ba ku tambaya ba. Hotunan da ake nuna muku a salula na garuruwan da famfo ba ya yankewa ne. Mu nan kowa ya san halin ruwan Damagaram. Ko da dush a gida, ranar da famfo ya ɗauke da bokiti za a shiga wanka, wani bokitin ma na ƙarfe, ga ƴar kujera, ga buta. Raunin gasasshen gilashi kuwa a gefensa yake. Tsakiyarsa za ta sha naushi ba ta ji ba, amma gindin bokitin ƙarfe in ya sami bakin ƙofa da kyau, shi ke nan. Don haka na fi son falle ɗaya kafaffe, mai kauri 8, an kama shi a bango da ƙasa, an bar hanya mai faɗi a buɗe ba ƙyaure. Ba hinji da zai saki, ba layi da ƙurar hunturu za ta cika. A sa zane ko a dusashe tsakiyarsa don jikoki su ga akwai abu a gabansu. In kuɗin sekurit bai samu yanzu ba, ku rataya labulen leda, ku sa kuɗin a karon ƙasa mara santsi. Labule bai taɓa kai kowa asibiti ba.

TAMBAYA: Baba, ina koyon aikin alminiyom. Yaya zan gane sekurit na gaske? Ido ba ya bambance su. (Wani ɗan koyo, Mirriya)

AMSA: Ɗana, ido yana bambancewa in ya san inda zai duba. Fara da kusurwa. Gasasshen gilashi na kirki yana da ɗan hatimi da aka gasa tare da shi, farce ba ya kankare shi. Na Turai za ka ga EN 12150, na Amurka ANSI Z97.1, na Sin kuma alamar C guda uku. Takarda mai danƙo da aka liƙa ba hatimi ba ce, kowa na iya bugawa.

Sai ka shafa gefe. Ba a sa gilashi a tanda sai an kashe kaifinsa, don haka in gefen yana neman yankar yatsa, ɗanye ne. Amma ka sani ana goge gefen ɗanye shi ma, kada ka tsaya nan. Ka jingina fallen ka koma gefe ka kalli hoton wani abu miƙaƙƙe a jikinsa, sandar lantarki ko bakin rufi. A gasasshe za ka ga layin yana ɗan lanƙwasa yana tafiya igiya-igiya, sawun gangunan da suka gungura shi cikin tanda ke nan. In kana da tabarau irin na direbobi mai kashe walƙiya, sa shi ka dubi gilashin da rana ta doka, za ka ga tabo-tabo masu duhu a jere, inda iska ta hura. Je ka gwada a gilashin bayan mota tukuna don idonka ya saba.

Abu mafi sauƙi kuma, duk wanda ya ce maka yana da sekurit a ajiye, ka faɗi awo ya yanko maka, ka yi masa godiya ka wuce. Akwai wani da ake gasawa rabi, ƙarfinsa ninki biyu na ɗanye, amma yana fashewa manya-manya. Wannan bai shiga sahun na kariya ba, kada ka sa shi a dush ko ƙofa.

TAMBAYA: Shekara biyu ke nan da aka kafa mana gilashin dush. Daren jiya wajen ƙarfe biyu muka ji ƙara kamar an yi harbi, muka tarar ya zube ƙasa gaba ɗaya. Ba kowa a ciki, ba wanda ya taɓa shi. Uwargida ta ce jifa ne, ta hana yara shiga. Ni kuma ina zargin an sayar mini da jabu. (Wani ma'aikaci, Damagaram)

AMSA: Malam, barka da arziki, Allah Ya ƙara tsarewa. Zubewar da ya yi ƙanana ita ce shaidar gasasshe ne na gaske, nan ba a cuce ka ba. Ka gaya wa uwargida addu'a ba ta ɓaci, ta ci gaba da yi, amma abin nan sananne ne a sana'armu, har a manyan benayen Turai yana faruwa.

Dalili ɗaya daga masana'anta yake. Wani lokaci ɗan ɓarɓashin ƙarfe mai nikel yakan faɗa cikin narkakken gilashi ya haɗu da farar wuta, su zama ɗan ƙwallo da bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa. A ɗanyen gilashi ba ya ɓarna. A gasasshe kuwa, sanyaya shi da aka yi da sauri yana kama ƙwallon a tsuke, sai ya riƙa kumbura a hankali cikin watanni ko shekaru. In ya zamo a tsakiyar kauri yake zaune, inda gilashin ke a ja, wata rana zai buɗe ƴar tsaga, ita kuma ta isa. Ba ya yawan faruwa, kuma ya fi zuwa a ƴan shekarun farko. Manyan kamfanoni suna da maganinsa: bayan gashi sai su mayar da fallayen cikin wata tanda mai zafin digiri 260 zuwa 290 na tsawon awa biyu, mai ciwon ya fashe a can, lafiyayye ya fito. Wanda aka yi wa haka yana ɗauke da lamba EN 14179, kuɗinsa kuma ya fi.

Amma in za ka bi tawa, kafin ka zargi nikel ka duba aikin hannu, don shi ya fi yawa a abin da nake gani. Kwance hinjin ko maƙallan da suka rage a bango. Akwai roba tsakaninsu da gilashin, ko ta bushe ta marmashe? An ɗaure noti har ya cije? Ƙasan gilashin a kan roba yake zaune ko a kan karo tsirara? Ƙofar ta sauka tana gogar ƙasa in an buɗe? Ka tambayi mutanen gida ko wani abu ya taɓa bugun gefensa ya ɓantare kaɗan. Ɓantarewa irin wannan takan yi shiru wata da watanni, sai dare ɗaya da sanyin asuba ya sauka, firam ya tsuke, ta ƙarasa aikinta. Akwai kuma magina masu binne bakin gilashi cikin siminti don ya yi ƙarfi. Gini yana motsi, gilashi yana buɗewa yana tsukewa, dole a bar masa ƴar tazara ta milimita kaɗan a cike ta da silikon.

Wajen shara ka sa takalmi, ka kwashe da tsintsiya da kwali, ka bi da jiƙaƙƙen tsumma, ka buɗe magudanar ruwa ka tsince na ciki. In za ka sake sawa kuma hankalin uwargida bai kwanta ba, ka nemi gasasshe biyu da aka haɗa da leda a tsakiya. Ko ya fashe, gutsattsarin na manne da ledar.

TAMBAYA: Ina da shagon sayar da salula kusa da Kasuwar Dole. Ina so in cire katako in sa gilashi a gaba don a riƙa ganin kaya. An ce in sa sekurit saboda ɓarayi. (Wani Alhaji, Damagaram)

AMSA: Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa. Wanda ya ba ku shawarar nan ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Sekurit yana kare mutum daga gilashi, ba ya kare kaya daga mutum. Ɓarawon da ya san hannunsa, ƙusa mai tsini da bugu ɗaya a kusurwa sun ishe shi, fallen ya zube ya bar masa hanya a share, ko yankarsa ba zai yi ba.

Naku shi ne mai leda a tsakiya, wanda a takardun kaya na Faransanci ake rubuta feuilleté. Falle biyu ne ko fiye, an sa wata leda mai danƙo da ake kira PVB a tsakaninsu, an matse da zafi har suka zama abu ɗaya garau. Wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus, masanin sinadarai kuma mai zane, shi ya yi masa rajista a 1909. An ce wata kwalbar gwaji ce ta suɓuce masa ta tsage ba ta watse ba, saboda wani sinadari da ya bushe a cikinta. In an doki irin wannan gilashi zai tsattsage, amma gutsattsarin na manne da ledar, ba hanya.

Ku koyi karanta lambarsa don kada a yi muku wayo. In an ce 33.1, falle biyu ne masu kauri 3, da leda ɗaya. In an ce 44.2, falle biyu masu kauri 4, da leda biyu. Kowace leda kaurinta milimita 0.38, ke nan 44.2 ya kama 8.76. Lambar bayan ɗigo ita ce ƙarfin, ba ta gaba ba. A Turai suna gwada shi da ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo huɗu da ƴan kai. Mai leda biyu yana tare shi in an sako daga tsayin mita 3, mai leda huɗu daga mita 9. Sama da nan sai waɗanda ake gwadawa da gatari, ana ƙidaya sara nawa kafin a sami ƙofa. Ga gaban shago irin naku kada ku yi ƙasa da 44.2, in da hali 44.4. Ku leƙa bakin fallen da idonku, layin ledar yana fitowa fili.

Kada kuma a sa gilashi mai tsada a firam ɗin da ƙafa za ta ɓalle. Bakin gilashin ya shiga cikin firam sosai, sandunan da ke riƙe shi su kasance ta ciki, ba ta titi ba. Kuma kada ku cire ƙofar ƙarfe. Abin da wannan gilashi ke saya muku lokaci ne da hayaniya, har maigadi ya farka.

Yana da wata riba da ƴan kasuwa ba su cika sani ba. Ledar tana tare kusan duk hasken rana mai ƙona launi, don haka kwalaye da atamfa ba sa koɗewa da wuri. Tana kuma rage ƙarar babura. Aibinsa, in bakinsa ya daɗe cikin ruwa sai ya fara fari yana ɗagowa, don haka a bar ramukan fitar ruwa a ƙasan firam saboda damina. Shi ne kuma ya dace da duk abin da ke saman kai ko bakin bene, rumfa, rufi, kariyar matakala. Mai tare harsashi da ake gani a bankuna ɗan gidansu ne, fallaye da yawa aka jera har kauri ya kai santimita biyu zuwa sama. Wannan ba na shagon salula ba ne.

TAMBAYA: An kawo mana tallar gilashi mai waya a ciki da araha, muna so mu sa a ƙofofin azuzuwa tunda waya za ta ƙara masa ƙarfi. (Shugaban wata makaranta, Magarya)

AMSA: Malam, kada ku saya don wannan. Wayar ba ta ƙara masa ƙarfi, rage masa take yi, ya fi ɗanyen gilashi mai kaurinsa saurin fashewa. Wani Ba'amurke, Frank Shuman, ya yi masa rajista a 1892, kuma amfaninsa na gobara ne: in wuta ta tsaga shi, wayar ta riƙe shi a wurinsa ya ɗan tare harshen wuta da hayaƙi. Amma yaro in ya taho a guje hannunsa ya ɓurma ciki, wayar za ta riƙe masu kaifin a tsaye, yana janyo hannu suna ƙara yankarsa. Saboda irin wannan rauni ne dokar gini ta Amurka ta hana sa shi a ƙofofin makarantu tun 2003. A ƙofar aji ku sa 33.1 ko gasasshe, ko ku bar ta ƙarfe ku buɗe taga a sama.

TAMBAYA: Ina jigila tsakanin Damagaram da Kano ta Matamaye. Tsakuwa ta yi wa gilashin gaba ɗan tabo, na gefe kuma ya fashe. Wani ya ce zai yanko mini na taga ya sa a gefen. (Wani direba)

AMSA: Ɗan'uwa, Allah Ya tsare hanya. Kada ka yarda a sa maka gilashin gida a mota, fasinja ne ke jingina kai a wurin. Na gefe gasasshe ne, na gaba mai leda ne. Ka nemi na wata motar irin taka wajen masu kayan gwanjo, ka duba kusurwa: harafin E da lamba cikin da'ira, da 43R a kusa. E1 Jamus ce ta tantance, E2 Faransa, E6 Beljiyam.

Tabon gaba kuma, ka liƙa masa farin salatif yau ɗin nan don ƙura kada ta shiga, ka kai a cika shi da danƙon gyara tun bai yi ƙafa ba. Kafin nan, in mota ta sha rana kada yaron mota ya watsa mata ruwan sanyi, kai ma kada ka sakar wa gilashin iskar sanyi kai tsaye. In tsagar ta riga ta miƙe ta ratsa gaban idonka ko ta kai gefe, sai canji.

TAMBAYA: Mun sa baƙin gilashi a tagogin falo don rage zafi. Bazara na shigowa biyu suka tsage daga gefe, ba wanda ya jefe su. Sannan akwai tsoffin tagogin nako, masu ƙananan fallayen gilashi a jere, a ɗakin yara, ina tsoronsu. (Wata malama, Gure)

AMSA: Malama, zafi ne. Baƙin gilashi yana shan rana fiye da fari. A watan Afrilu da Mayu, da iska kanta ta haura digiri 40, tsakiyar fallen tana yin zafi ƙwarai tana buɗewa, bakinsa kuwa na ɓoye cikin firam ko inuwar katanga. In bambancin ya kai wajen digiri 40, ɗanyen gilashi ba ya jurewa. Ki duba tsagar, za ki ga ta tashi daga gefe a miƙe sannan ta karkata. Gasasshe yana jure bambancin kusan digiri 200, shi ya kamata a sa a bangon yamma. Ki kuma janye labule mai kauri daga jikin gilashin, yana tara zafi. Rumfa ko bishiyar dogon yaro a waje ta fi baƙin gilashi sanyaya ɗaki nesa ba kusa ba.

Nakon ɗakin yara, ki sa a zare fallayen ƙasa, duk waɗanda ba su kai tsayin ƙugun babba ba, a maye su da na katako ko na alminiyom. Sauran tagogi masu faɗi ana iya manna musu ledar kariya ta ciki, mai kauri, ba irin ta ado da ake sa wa motoci ba. Ba ta hana fashewa, tana dai riƙe gutsattsari.

TAMBAYA: Gilashin dush ɗina ya yi fari-fari, na goge da soson ƙarfe da toka bai fita ba. (Wata amarya, unguwar Birni)

AMSA: Ƴata, ajiye soson ƙarfen nan. Gasawa ba ta ƙara wa gilashi taurin fuska ba, yana karcewa yadda kowane ke yi, karce kuma ba ya fita. Farin nan gishirin ruwa ne da sabulu suka bushe a kai. Ki haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ko ki matse lemun tsami, ki shafa ki bar shi minti goma, ki goge da tsumma mai laushi ki ɗauraye. Kada ruwan tsamin ya zauna a kan alminiyom ko marmara, yana cin su. Lokacin hunturu ki fara watsa ruwa ƙura ta sauka kafin ki sa tsumma, don yashi ne a cikinta. Daga nan duk wanda ya fito wanka ya share ruwan da robar goge gilashi tun bai bushe ba.